Yadda Muka Shigar da Alhaji Tarihi

A shekarun da na yi ina koyarwa a makarantar unguwarmu ta Hausawa a Enugu, darasin da na fi so shi ne na rayuwar manyan mutane. Ba wai don yara suna fahimta ba, sai don shi kaɗai ne darasin da babu mai tashi ya ƙaryata ni, tunda duk waɗanda nake magana a kansu sun riga mu gidan gaskiya. Ina da wani ƙaton littafi mai yagaggen bango da na saya a bakin titi a Ogui, cike da hotunan masu gemu da masu sanƙo: masana kimiyya, da mayaƙa, da makaɗa, da marubuta. Daga ciki nake tsakuro wa yara labari, in ɗan barbaɗa gishiri.

Mai gidan da nake haya a lokacin wani dattijo ne, babban dilan shanu, wanda kowa ke kira Alhaji kawai, sai ka ce shi kaɗai ya taɓa zuwa Makka. Tun yana saurayi ya gangaro kudu a bayan mota tare da shanun mahaifinsa, bai kuma koma ba sai dai ziyara. Mahautan kasuwar Ogbete da yawa a hannunsa suke sayen dabba, amma babban cinikinsa na gidan mutuwa ne. A ƙasar Ibo ba a binne babban mutum sai an kayar da sa, shi kuwa Alhaji ba ya yarda a kai dabbarsa gidan makoki ba tare da shi ba. Yakan ce sa ma baƙo ne, dole a raka shi. Saboda haka ya halarci binne manyan garin fiye da wasu fastoci. Akan ba shi kujera a ƙarƙashin tanti, a buɗe masa lemon kwalba, ya zauna yana kallon yadda ake yi wa mamaci.

Abin da ya tsaya masa a rai ba 'yan badujala ba ne, ba kuma samarin da ke rawa da akwatin gawa a kafaɗa ba. Tarihin ne. Ɗa ko ƙane zai tashi da makirfo ya karanto rayuwar mamaci tun daga haihuwa, da wahalar da ya sha, da benen da ya gina, sannan a raba wa kowa ɗan littafi mai hotonsa ya tafi da shi gida.

Wata rana bayan la'asar ya sa aka kira ni. Na zaci maganar famfon tsakar gida ce da muka daɗe muna yi. Na same shi a kan darduma a ƙofar gida, da irin wannan ɗan littafi a cinyarsa.

"Malam, ka san wannan mutumin?"

"Ban san shi ba, Alhaji."

"Tsofaffin tayoyi yake sayarwa. Na san shi tun yana faci a bakin titi. Jiya na ji ana ce masa ginshiƙin al'umma. Jikokinsa har kuka suke da jin ayyukansa." Ya ajiye littafin. "Ni kuwa in ta zo, kafin labari ya kai kasuwa kun kai ni. Ku dawo ku baje tabarma, kowa ya ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Abin da za a faɗa wa mai shayin bakin layi ke nan."

"Ai ita ce sunna, Alhaji. Kuma addu'ar ta fi amfani."

"Na sani, ni ma na yi karatu. Addu'a ta can ce. Ni maganar nan nake. In na je garinmu, ɗan kudu suke ce mini. A nan kuma aboki. Jikokina da na soma ba su labarin gida sai su kalli juna su ce da Turancin buroka, Baba don start again, wai na sake farawa. To wa zai san na zo duniya?"

Abin da yake so shi ne in rubuta tarihinsa, sak irin na mutanen da ya ji an ce ina koya wa yara, a buga, a tara jama'a a karanta yana zaune da ransa. Ɗan haya ba ya musu da mai gida. Na ce to.

Ya ce sai ya fara ganin irin kayan tukuna. Don haka kullum da yamma nakan ɗauko littafina in karanta masa mutum ɗaya, shi kuma yana saurare da irin fuskar da yake duba bijimi, wato yana neman aibu. Da na karanta masa labarin Baturen nan da ɗan itace ya faɗo a gabansa yana zaune a lambu, sai ya tare ni.

"Wane irin ɗan itace?"

"Tuffa."

"Ya ci?"

"Littafin bai faɗa ba."

"To me ya gano?"

"Cewa duk abin da aka saki daga sama, ƙasa yake yowa."

Can ya ce, "Kafin shi Turawa ba su sani ba?"

Wanda ya gano wani lissafi yana cikin wanka, ya fito titi a guje ba ko ɗan kamfai, Alhaji ya ce da a Ogbete ne da tuni an sa masa igiya. Mai zanen da ya yanke kunnensa, ya ce mu shanu muke yi wa haka. Malamin falsafar da kotu ta ce ya sha guba ya kuma sha, tambaya ɗaya ya yi: ba shi da lauya? Makaɗin da ya kurumce kaɗai ya burge shi. Ya ce wannan ya huta, yana yi wa mutane surutu shi ba ya ji.

Amma ba a banza ya yi shekaru yana karantar dabba ba. Kafin mu ci rabin littafin ya gano abin da ni mai koyarwa ban taɓa lura da shi ba.

"Malam, duk garke ɗaya ne. Kowannensu ya taso cikin talauci, malaminsa ya ce ba zai yi albarka ba, mutanen garinsu suka ƙi shi, sannan ko a ɗaure shi ko a kore shi daga ƙasa. Sai daga baya a yi nadama."

Na ce kusan haka ne.

"To ni ina zan sa kaina? Ubana mai shanu ne, ban taɓa kwana da yunwa ba. Boko ban shiga ba balle a kore ni. Malamin allonmu kuwa sona yake, har 'yarsa ya so ya ba ni. Na duba rayuwata kaf, babu komai a ciki sai lafiya." Ya faɗi haka da muryar wanda likita ya gaya wa mummunan labari.

Daga nan muka shiga gyara. Ya ce in rubuta cewa ya taso ba takalmi. Na ce ba zan rubuta ƙarya ba. Ya ce ai duk lokacin da ya shiga masallaci ba takalmi yake shiga. Muka daidaita a kan cewa ya sha tafiya ba takalmi a ƙuruciyarsa, mai karatu ya ɗauki abin da ya ga dama. Maganar ɗauri kuwa, da kansa ya je ofishin 'yan sanda ya roƙi babbansu ya kulle shi na wuni ɗaya, don dai a samu abin rubutawa. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba shi kujera mai taushi, ya tambaye shi yadda raguna za su yi a bana. Alhaji ya dawo ransa a ɓace, yana cewa ƙasa ta lalace, mutum ya kai kansa ma ba a karɓa.

Saura gudun hijira, wanda ba ya bukatar izinin kowa. Ya yanke shawarar zai tafi Fatakwal, wurin ƙanensa da ke da ɗaki a Borokiri, ya kashe waya, ya ɓuya har ranar taro, sannan ya dawo kamar yadda manya ke dawowa, jama'a na jira. Hajiya, matarsa, ce mata ya yi zai je duba kasuwa. Ƙanen kuwa ya sa shi ya yi alkawarin duk wanda ya tambaya ya ce bai gan shi ba.

Kafin ya tafi ya ɗauki rubutun da kansa ya kai wa wani Ibo mai buga takardu a Ogui, wanda ke yi wa masu jar hula, wato masu sarautar Cif ta Ibo, littattafansu. Yadda suka yi, sai daga baya na ji. Da ya isa wurin kunya ta kama shi, don Bahaushe ba ya buɗe baki ya ce a buga yabona. Sai ya ce na wani Alhaji ne, babban mutum. Hoton da ya miƙa kuwa na hajjinsa na farko ne, gemu baƙi wuluk, kumatu a cike. Ya ce duk abin da ake yi wa Cif a yi wa wannan Alhajin, kada a rage komai. Mai bugawa ya tambayi rana da wuri, Alhaji ya faɗi ranar taro da adireshin gidansa. Shi kuwa bawan Allahn nan tun da ya buɗe shago bai taɓa buga tarihin mai rai ba.

'Yan kwanaki kafin taron na fito zan tafi makaranta, sai na ga Alhaji a jikin katangar da ke kallon gidanmu. Yana cikin gajimare, da fararen tattabaru a kafaɗunsa biyu. A sama an rubuta da Turanci cewa babbar bishiya ta faɗi. A ƙasa ga shekarar haihuwa, ga ɗan layi, ga shekarar da muke ciki. Na waiga, yana jikin falwaya. Yana jikin shagon mai caji. Masu zuwa daga kasuwa suka ce tun daga Ogui har ƙofar Ogbete babu bangon da ba ya jiki.

Kafin hantsi ƙofar gida ta cika. Aka kira wayarsa, a kashe. Aka kira ƙanensa, ya ce wallahi bai gan shi ba. Wannan amsa ita ta gama kashe Alhaji. Zuwa azahar har an sami waɗanda suka ga motar da ta kife a hanyar Fatakwal, ɗaya ma ya ce ya ga hularsa.

Na tsaya a tsakiyar mutane na ce Alhaji yana nan lafiya lau, gudun hijira yake.

Sarkin fawa ya ce, "Wa ya kore shi?"

"Ba kowa. Shi ya kori kansa."

Suka dube ni da tausayi. Wani ya ce a ba Malam ruwa, sun shaƙu da marigayi. Sarkin fawa ya dafa kafaɗata ya nuna mini fostar. "Malam, ba kai ne kake gaya wa 'ya'yanmu cewa abin da ke rubuce ya fi abin da ke baki ba? To ga rubutu. Har da kala."

Na koma gefe na kira ƙanen na ce ya bar wasa, ya gaya wa yayansa an kashe shi a Enugu. Na ji yana magana da wani, sannan ya dawo ya ce, "Ya ce in gaya maka haka ake yi wa manya, ana ƙaga musu magana. Kuma ya san dabarar Hajiya ce don ya dawo. Ya ce daga yau ma ya kurumce."

Hajiya ce kaɗai ta yarda da ni, don ta san mijinta. Ta sa aka shigar da ni zaure, ta yi magana daga bayan labule.

"Malam, tsakaninka da Allah, yana raye?"

"Yana raye, Hajiya. Yana Borokiri yana cin kifi."

Na ji ta sauke numfashi. Sannan muryarta ta canza. "To madalla. Takaba dai ba zan shiga ba. Amma tabarmar nan da aka shimfiɗa a waje ba ni zan naɗe ta ba. Wanda ya tara su shi zai zo ya sallame su."

Liman ya ce shi ba ya yi wa fosta salla, sai ya ga gawa. Amma zaman gaisuwa bai iya hanawa ba, tunda mutane suna ta zuwa har daga Anaca.

Ranar taro da safe muka ji badujala. Abokan cinikin Alhaji ne, waɗanda ya raka wa shanu shekara da shekaru, suka zo rama ziyara kamar yadda fosta ta gayyace su. Kafin ka ce kwabo an kafa tanti ya toshe layin, an jera kujerun roba. Ga masu jar hula, ga mata da anko, kowacce na fifita da maficin da ke ɗauke da fuskar Alhaji, don mafici ma yana cikin abin da ake yi wa Cif. A bayansu wasu samari na janye da sa, gudummawar wani tsohon Cif. Hausawa na gefe guda a kan tabarmi suna jan carbi, baƙi na ɗaya gefen a kan kujeru, liman a tsakiya kamar wanda ya haɗiyi taɓarya.

Aka ce a karanta tarihi, aka tura mini makirfo. Na karanta abin da muka rubuta: tafiya ba takalmi, da juriya, da hangen nesa. Ban kai shafi na biyu ba na ga masu jar hula suna hamma. Tsohon Cif ɗin ya miƙe ya karɓe makirfon daga hannuna cikin ladabi, ya ce malam ya yi ƙoƙari, amma su wannan mutumin ba su san shi ba. Bari ya faɗi wanda suka sani.

Ya ce ranar da za a binne mahaifinsa, san da Alhaji ya kawo ya tsinke igiya. Kowa ya watse, har fasto. Alhaji kaɗai, cikin babbar riga, ya damƙi wutsiyar. San ya ja shi ta cikin tanti, ta kan tukwanen shinkafa, ta tsakiyar 'yan badujala, bai saki ba, har suka kai bakin kabarin da aka haƙa. San ya tsallake. Alhaji bai tsallake ba. Cif ya ce shi ya sa a danginsu har gobe suke cewa Bahaushe ne ya fara gwada wa babansu makwanci, ya ce ya yi daidai.

Tantin ya kece da dariya. Wata dattijuwa ta karɓa, ta ce ranar binne mijinta Alhaji ya tsayar da komai, manyan baƙi na zaune cikin rana, ya ce ba mai sa wa sansa wuƙa sai ya sha ruwa, san kuwa ya ƙi sha sai da ya ga dama. Wani ya ce ya sha ganinsa yana yi wa sa raɗa a kunne da Hausa kafin ya miƙa igiya, da ya tambaya sai ya ce haƙuri yake ba shi, don ya kawo shi inda ba ya jin yaren mutane. A ɓangaren tabarmi na ga kafaɗu suna rawa. Can sarkin fawa ya ajiye carbi ya ce a miƙo masa abin maganar nan, shi ma yana da guda. Jikokin Alhaji kuwa sun matso gaba sun zauna a ƙasa, baki buɗe, babu mai taɓa waya.

Ashe duk wannan abin mai shi yana ji. Keke napep ya sauke shi a bakin layi tun Cif bai fara ba, ya sha sabon rawani har ya rufe baki, irin shigar da ya ga ta dace da mai dawowa daga hijira. Ya ga tanti ya ji daɗi, ya tsaya a baya yana jiran lokacin fitowa. Da wani ya sake komawa kan labarin kabarin, yana cewa da ka Alhaji ya faɗa, sai muka ji murya daga baya.

"Ƙarya ne! Ba faɗawa na yi ba, shiga na yi! Kuma da ƙafa!"

Ya janye rawanin daga fuskarsa. Ban taɓa sanin mai babbar ganga zai iya tsallake kwata da gangarsa a wuya ba sai ran nan. Kujeru suka tashi sama, anko ya watse, wasu na kiran Yesu, namu na salati, mutumin da ya ga hularsa a hanyar Fatakwal ya riga kowa kaiwa bakin titi. Alhaji bai kula su ba. Ya wuce kai tsaye wurin san da aka ɗaure, ya buɗe bakinsa, ya danna tozonsa, ya juyo.

"Cif, wa ya sayar maka da wannan? An cuce ka."

Cif, wanda tsufa ya hana shi gudu, ya ce to ya za su yi, mai sayar musu da na kirki ya mutu. Ya ƙara da cewa sa dai an kawo, ba ya komawa, kuma Alhaji ya sani sun yi masa nasa sun gama, ba a binne mutum sau biyu. Aka yanka san, aka ci, aka dawo da makirfo, shi kuma ya zauna a kujerar gaba yana musanta kowane labari yana kuma ƙara masa tsawo. Liman ya yi huɗuba biyu a jere a kan riya. Hajiya kuwa da ya shiga gida cewa ta yi, "Sannu da zuwa, mutanen lahira. Ina tsarabarmu?" Daga nan ba ta sake ce masa uffan ba sai da wata ya kusa mutuwa. Littattafan da aka buga suna nan a ɗaure a bayan ƙofarsa, ban ga ya sake buɗe ko ɗaya ba.

Ya yi shekaru masu dama bayan haka. Da ajalin gaske ya zo, a gadonsa, bayan gajeriyar jinya, ni aka aika Ogbete in sanar da abokan cinikinsa. Na shiga rumfa rumfa ina faɗa. Suka saurare ni da kyau, sannan suka fashe da dariya. Wani ya ce wannan karon ko fosta ba a buga ba. Na rantse, suka ce wancan karon ma an rantse.

Har yau in na ratsa kasuwar, sai wani mai jar hula ko wata mai sayar da garin rogo ta tare ni, ta nuna ni ga wanda ke kusa, ta soma ba shi labarin Bahaushen da ya mutu ya dawo ya raina san da aka kawo masa. Yaran da ba a haifa ba a lokacin ma sun iya labarin, har da sassan da ba su faru ba. In sun gama sai su juyo su ce, "Malam, how Alhaji? Ka gaishe shi."

Na daina musu. Nakan ce zai ji.